Yadda muka fara haska fina-finan yara masu tasowa a Jos

Ni haifaffiyar Jos ce, a Gangare na tashi, kuma ɗan abin da na sani game da fim a rumfar mahaifina na fara tsintarsa. Baba yana da rumfa a babbar kasuwar Taminus, yana sayar da kaset na rediyo da na bidiyo, yana kuma ba da haya. Duk bayan 'yan makonni yakan hau mota zuwa Kano ya saro sababbin fina-finan Hausa a Ƙofar Wambai, ya dawo da su cikin kwalaye an ɗaure da igiyar roba. Ni da yayana mu ne masu jerawa, mu ne masu goge ƙura, mu ne kuma masu mayar da zaren kaset ɗin da aka dawo da shi ba a juya ba. Ina ganin bangon kaset zan gaya maka wanda zai ƙare kafin Juma'a da wanda zai yi wata a kan kanta.

A watan Fabrairun 2002 kasuwar ta kama da wuta cikin dare, wata biyar bayan rikicin Satumbar 2001. Ko tsinke Baba bai fitar ba. Da ya farfaɗo sai ya koma Farin Gada yana dillancin tumatir da kabeji, kuma daga ranar bai ƙara kawo zancen fim a gidanmu ba. Garin ma kansa ya canja. Maƙwabtanmu Kiristoci da muke cin shinkafar Kirsimeti a gidansu, su ci naman Sallah a namu, suka tattara suka koma wasu unguwanni, 'yan'uwanmu da ke zaune a can su ma suka dawo cikinmu. Rikicin Nuwamban 2008 da na Janairun 2010 suka ƙarasa raba abin da ya rage. Yaro a garin nan tun bai iya karanta sunan titi ba ya san titin da ba a tsallakawa.

Bayan sakandare na koyi kwamfuta, na samu aiki a wani situdiyo ina haɗa bidiyon biki da na suna da na saukar Alƙur'ani. Da na yi aure maigidana, wanda malamin makaranta ne, bai hana ni ba. Shi ne ma ya ara mini kuɗin kwamfutata ta farko, na kama ɗan shago a tsakiyar gari inda kowa ke iya zuwa.

Wanda bai san Jos ba zai yi mamakin yawan matasan da ke yawo da kamara a garin nan. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, a nan hedikwatarta take, da makarantarta ta koyon fim. Kwalejin talabijin ta NTA tana Rayfield. Jami'ar Jos tana da sashen wasan kwaikwayo da fim. Ga sanyi, ga duwatsun Shere da na Riyom da ke janyo masu shirya fim daga Kano da Kaduna su zo ɗauka. Yaro yana tashi yana jin sunan Sani Mu'azu, yana jin cewa Kenneth Gyang ɗan Filato ne ya ɗauko babbar kyautar gasar fina-finan Afirka ta AMAA a 2013, yana jin cewa Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban hukumar a Janairun 2024, a Jami'ar Jos ya yi karatu. To me zai hana shi ma ya ce zai iya?

Irin waɗannan yaran ne suka riƙa zuwa shagona da aikinsu a filas ko a waya: a gyara musu launi, a sa musu fassarar Turanci a ƙasan hoto, a rage nauyinsa ya shiga WhatsApp. Gajerun fina-finai ne, minti goma, minti sha biyar. Wani ya sayar da takalmansa ya ciyar da 'yan wasa, wata ta yi wata uku tana roƙon kawunta ya ba ta aron tsakar gida. Idan mun gama nakan tambaya, "To ina za a nuna shi?" Amsar kusan ɗaya ce kullum: "Anti, zan ɗora a YouTube." Bayan wata shida in ka duba, waɗanda suka kalla ba su wuce 'yan ajinsu da 'yan gidansu ba, su ma rabinsu a minti na biyu suka fita saboda data. Kasuwar faifai ta riga ta mutu, masu satar fasaha sun ƙarasa ta. Gidajen talabijin dogon shiri suke nema mai zango-zango. Manyan bukukuwan fim irin Zuma da ake yi a Abuja suna nan suna aikinsu, amma yaron da ko kuɗin motar Abuja ba shi da shi, ta ina zai fara? Abin ya riƙa ci mini rai. Sai nake ganin kamar mace ce ta wuni a murhu ta tuƙa tuwo, ta kwashe, ta rufe, har ya kwana babu wanda ya buɗe kwanon. Sau da yawa bayan na rufe shago nakan zauna ni kaɗai ina kallon aikin wani yaro, in yi kuka a daidai wurin da ya so a yi kuka, shi kuwa bai ma san an yi ba.

Mu huɗu muka fara shirya bikin haska fina-finan yaran nan duk shekara, a 2017. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da shagona, muna ce masa Kawu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana haska fim a gidajen sinima tun zamanin da sinimar Kwararafa ke cika maƙil. Akwai wani matashi Birom daga Bukur, shi ke riƙe da kayan sauti a cocinsu, yakan kawo mini aikin bikin aure. Sai ƙawata 'yar Angas da ta karanta wasan kwaikwayo, ba ta samu aiki ba tana sayar da atamfa. Kawu ne ya yanke zancen wata rana da nake ta ƙorafi. Ya ce, "'Yata, kin cika mu da magana. Farin ƙyalle yadi nawa ne? Majigi aro ake yi. Ku nemo ɗaki, ni zan haska."

Neman ɗakin nan shi ne aikin da ya fi kowanne wuya, kuma har yau shi ne. A wani gari abin da za ka tambaya shi ne kujera nawa, haya nawa. A Jos tambayar farko ita ce wa zai iya zuwa. Mun samu zauren wata makarantar Islamiyya kyauta a Anguwar Rogo, abokin aikinmu na Bukur ya ce mini a fili, "Hajiya, ni zan zo don na san ki, amma uwar yarinyar da ta yi fim ɗin nan ba za ta bar ta ta shigo nan ba." Shi ma ya samo zauren coci kyauta, na ce masa haka nan iyayen namu yaran. Babu wanda ya ji haushi, don kowa ya san gaskiya ce. Dole muka bar na kyauta muka biya kuɗi a tsakiyar gari, wurin da mai keke daga titin Bauchi da mai keke daga Tudun Wada duk za su yarda su sauke fasinja a ƙofa.

Sannan lokaci. Juma'a da rana ba ta yiwuwa, Lahadi da safe ba ta yiwuwa, don haka Asabar ce uwar biki, sai mu ɗan taɓa Lahadi bayan an taso daga coci. Mukan tsaya a yi Azahar da La'asar, kuma duk daɗin da hira ta yi, kafin Magariba mun sallami mutane, saboda babu uwar da za ta yarda 'yarta ta ƙetara gari da duhu. Da damina ba ma yi ko kusa. Ruwan Jos in ya sauka a kan rufin kwano, ko lasifika goma ka jera ba mai jin abin da ake faɗa. Sai ƙarshen Nuwamba, sanyi ya shigo, kowa da rigar sanyinsa. Hasken rana kuma yana kashe hoto, don haka daren jajibiri samari ke kwana suna manna baƙar leda da tsofaffin barguna a tagogi. Takarda ga 'yan sanda da gaisuwa wurin mai unguwa kuwa, maigidana ne ya ɗauke mini su.

A shekarar farko ba mu cika rabin kujerun robar da muka ɗauko haya ba. Amma a ranar na ga abin da ya sa har yau ban daina ba. Wani yaro daga wajen Barikin Ladi ya kawo fim wanda ba wasan kwaikwayo ba ne, rayuwar kakarsa ce mai wankin kuza ya bi ya ɗauka da waya. Kamfanonin Turawa sun haƙi kuza a Filato tun farkon ƙarni na 20, suka tafi suka bar ramuka da tafkuna, kuma har yau mata suna bin bakin ramukan da kwano suna tace yashi don su samu abin sayarwa. Ya zo da tsohuwar, ta ɗaura zani biyu saboda sanyi, aka zaunar da ita a gaba. Da Kawu ya kunna majigi sai hannuwanta suka cika ƙyallen, duk sun tsattsage saboda ruwa, tana juya kwanon a hankali, yashi na zubewa ta baki, baƙin kuza na taruwa a gindi. Sai ta ɗaga hannuwanta daga cinya ta duba su, ta sake duban bango. Ba ka jin komai sai ƙarar janareta daga waje. Da aka kunna fitila muka miƙa mata makirfo ta ƙi karɓa. Jikan ya durƙusa kusa da ita, ta yi masa magana da Birom, shi kuma yana fassarawa. Ta ce ita ta ɗauka wasa yake yi da yake bin ta da waya. Ta ce kuma a gaya wa mutanen nan, ramin da suka gani shi ya ci ɗanta, uban yaron nan, shi ya sa can take zuwa ba wani ramin ba. Yaron bai sa wannan a fim ɗin ba. Daga yadda muryarsa ta sarƙe na gane shi ma bai taɓa jin dalilin ba sai ranar. Wata Hajiya daga Dilimi, wadda ɗanta kawai ta rako, ta tashi ta je ta zauna kusa da tsohuwar ta riƙe mata hannu har aka sa fim na gaba.

Daga nan muka kafa ƙa'idar da ba ma sassautawa: duk wanda aka nuna fim ɗinsa sai ya tsaya gaban mutane ya amsa tambaya. Wasu sukan ce kunya suke ji, Kawu ya ce musu ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni a ganina wannan tsayuwar ta fi kyautar da muke bayarwa amfani nesa ba kusa ba. A waya mutum zai danna maka alamar yabo ya wuce. A ɗaki kuwa za ka ji inda aka yi dariya alhali ba dariya ka nufa ba, ka ji inda kujeru suka fara motsi don an gaji, ka ga tela ya miƙe ya ce maka, "Malam, matar da ka ce talaka ce, ya aka yi leshinta ya fi na amarya?"

Zaɓen fina-finai kuwa shi ke jawo mana baƙin jini. Mukan baza sanarwa a WhatsApp da Facebook tun watan Agusta. Ba ma karɓar ko sisi na shiga, sharaɗi dai kada fim ya wuce minti 20, kuma ya zama mai shi bai taɓa fitar da dogon fim kasuwa ba. Kowane harshe muna karɓa, Hausa, Birom, Tarok, Fulatanci, Turancin buroka, in dai da fassara a ƙasa. Yawancin abin da muke mayarwa sauti ne ke kayar da shi. Wayoyin yanzu suna ɗaukar hoto tas, yaro yana ganin haka sai ya ɗauka ya gama. Ya manta iskar hunturu tana busawa cikin makirfo, injin niƙan maƙwabta yana aiki, jarumar tana can taku goma daga waya. Mutane za su haƙura da hoto mai duhu, amma ba za su zauna minti uku suna kallon baki na motsi ba su ji magana ba.

Wani saurayi da muka mayar wa fim ya zo shago ransa a ɓace, ko sallama bai yi ba, ya ce an cire shi ne don ba shi da kowa. Na ce, "Ƙanena, shigo ka zauna." Na sa masa hedfon, na juya fuskar kwamfutar bango don kada ya ga hoton, na kunna masa wurin da uwa ke yi wa ɗanta nasiha kafin ya tafi ci-rani. Na ce ya faɗa mini abin da ta ce. Shi ya rubuta maganar da hannunsa, amma ya saurara, ya sake saurara, bai kamo ta ba, sai carar zakara da hucin iska. Ya cire abin daga kunne ya ajiye a hankali. Abokinmu na Bukur ya ja shi a jiki ya nuna masa yadda ake ɓoye waya ta biyu a aljihun ɗan wasa ko a cikin kwando kusa da shi ta ɗauki murya, da yadda ake tafa hannu sau ɗaya a farkon ɗauka don a samu inda za a daidaita murya da hoto, da yadda ake sa wa makirfo safa saboda iska, da yadda ake cewa kowa ya yi shiru na minti ɗaya a naɗi sautin ɗakin don cike gurbi wajen haɗawa. Da shekara ta zagayo, da fim ɗinsa muka buɗe biki. Tun daga lokacin kyautarmu ta ɗaya ba kofi ba ce, ƙaramin makirfo ne na maƙalawa a riga. Ta biyu kuma rumbun ajiyar bidiyo, saboda mun ga fina-finai da yawa sun salwanta tare da wayar da aka sace.

Ba kullum bakinmu ke zuwa ɗaya ba. Akwai shekarar da wani matashi Kirista ya kawo fim a kan mahaifinsa da aka kashe a rikicin 2008. Babu jini a ciki, babu gawa. Mahaifiyarsa ce zaune a bakin gado tana ba da labarin safiyar da ya fita bai dawo ba, a gefenta ga kekensa na ɗinki an rufe da zani. Amma a wuri guda ta faɗi wata kalma mai zafi a kanmu Musulmi. Kawu ya ce ba da hannunsa ba. Shi ma ya rasa ƙaninsa a wannan rikicin, a wata unguwar, ya ce bai ga dalilin da zai sa ya haska wa mutane zagin kansa ba. Ƙawata, wadda addininsu ɗaya da yaron, ita ma ta ce a cire, don tana tsoron kada wani ya ɗauka a waya ya yanko wurin kaɗai ya watsa, gari ya kama. Tsoronta ba na banza ba ne, a garin nan an sha ganin ƙaramar magana ta zama dokar hana fita. Muka roƙi yaron ya yanke wurin, ya ce maganar uwarsa ce, ba zai sa mata almakashi ba.

Ni na tsaya a kan a nuna. Kalmar ta soke ni, har yau in na tuna tana sukata. Amma na san irinta ake faɗa a ɗakunanmu a kansu, na ji da kunnena a gidajen makoki. Kuma in muka ce sai labarin da ba ya sosa wa kowa rai za mu haska, to mun koma bidiyon biki, wanda kuwa ina da shagonsa tuntuni. Muka yi shawara da maigidana da wani limami da wani fasto da muke girmamawa. Aka tsaya a kan a sa shi ƙarshe, a sanar da mutane abin da ke ciki kafin a fara, wanda ba zai iya ba ya fita, kuma kowa ya mayar da wayarsa aljihu. Kawu ya saita majigi, ya nuna mini maɓallin, ya fita ya zauna kusa da janareta. Wasu suka bi shi. Da kalmar ta fito na ji wata tana salati, wani ya yi tsaki mai ƙarfi. Bayan an gama yaron ya tsaya a gaba, takardar hannunsa tana rawa. Tambayar farko daga wani mai sayar da kayan gwari ta fito. Ya ce, "Maman taka tana nan da rai?" Ya ce tana nan. Ya ce, "Ka gaishe ta. Ka ce mata nawa uban ma bai dawo ba." Ya koma ya zauna. Ba a rungumi juna ba, ba a yi hoto ba, wasu sun tafi da fushinsu, akwai ma wanda har yau ba ya amsa gaisuwata. Kawu ya ci gaba da haska mana, amma daga shekarar ya cire kansa daga zaɓen fim, kuma bai taɓa ce mini na yi daidai ba. Ni ma ban nema ba. Wanda ya sa ƙaninsa a kabari da hannunsa, ba ni zan gaya masa yadda zai ji ba.

Kuɗi daga aljihunmu ne da na masu tausayi. Mai gidan burodi ya ba da burodi, mai masa ta kafa tanda a ƙofa ta yi wa yara ragi, wani ya turo kuɗin kujeru. Mun taɓa samun wanda zai ɗauki nauyin komai, yaron wani ɗan siyasa ne ya zo da albishir, amma da sharaɗin a sa hoton maigidansa a ƙyalle tsakanin fim da fim. Muka yi masa godiya muka raka shi mota. In aka ga hoton ɗan takara a bangonmu sau ɗaya, rabin garin ya daina zuwa ke nan, kuma wannan rabin ne muka sha wahalar samowa.

A 2020 korona ta hana taro, ba mu yi ba. A watan Agustan 2021 aka kashe matafiya a hanyar Rukuba, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana, zukata suka sake tashi. Mun yi a shekarar, amma a ƙaramin ɗaki, da gayyata kawai. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin fetur ya kusa ninkawa uku, abin da muke ware wa janareta na kwana biyu ya koma ba ya kai wuni, yaran da ke zuwa daga Pankshin da Shendam da Bauchi kuma kuɗin mota ya gagare su. A shekarar na sayar da 'yan kunnena na zinariya, ƙawata ta taɓa jarin atamfarta, na Bukur kuma ya hana lasifikokinsa haya a ranar da ake rububinsu don bikin aure.

A gida ma ba a rasa magana ba. Sunan 'yar fim ba ƙaramin nauyi ba ne a kan matar aure a cikinmu. Surukata ta kira ni ɗaki ta ce, "Ke yanzu da hankalinki da 'ya'yanki, sai a ce kina tara maza da mata a duhu?" Na ce, "Inna, ku zo ku gani da idonku. In kun ce a bari, na bari." Ta zo da ƙanwarta, ta zauna a layin mata, ta yi kallo, ta yi La'asar tare da mu. A hanyar gida abin da ta ce kawai shi ne yarinyar da ta yi fim a kan masu tallan awara tana da hankali, Allah Ya yi mata albarka. Ba ta ƙara tayar da zancen ba. Baba kuwa bai taɓa zuwa ba har Allah Ya karɓi ransa. Amma duk shekara in lokaci ya matso yakan kira ni gefe ya damƙa mini kuɗi a dunƙule ya ce, "Ki ƙara a na mai." Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ba zan ce mun fitar da taurari ba. Cikin yaran da suka bi ta hannunmu akwai masu riƙe kamara da masu haɗa hoto a fina-finai masu dogon zango da ake ɗorawa a YouTube, akwai wadda ke aiki a gidan talabijin. Akwai kuma da yawa da suka ajiye, wani yana tuƙa keke, wata ta yi aure an ce ta bari, kuma wasunsu sun fi waɗanda suka ci gaba baiwa. Wannan yana yi mini ciwo. Abin da ke sanyaya mini rai a harabar ɗakin nake ganinsa, lokacin da aka tashi sallah, inda mai labari daga Rikkos ta Musulmi ke karɓar lambar mai kamara daga Jenta ta Kiristoci, don kowannensu ya ga aikin ɗan'uwansa a bango ya san abin da zai iya. Bara an kawo mana fina-finan da in ka karanta sunayen ƙarshensu za ka ga na Bahaushe da na Birom da na Tarok a jere, kuma sun shiga unguwannin juna sun yi ɗauka, wuraren da ni da na girme su ban taka ba tun ina yarinya.

Idon Kawu ya yi rauni yanzu, ba ya iya saita hoto, don haka ya koya wa wata yarinya 'yar Nasarawa, ita ke haskawa, shi yana zaune a bayanta yana gyara mata da baki. Zaɓen fim na bana ma ba ni zan yi ba, mun miƙa shi ga wasu cikin waɗanda suka fara nuna aikinsu a wurinmu, har da saurayin nan mai carar zakara. Ni na koma neman kuɗi da ɗaki, don wanda muka saba kamawa an ƙara masa haya fiye da ƙarfinmu, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ba mu samu wani ba. Muna kuma son in Allah Ya yarda mu kai wuni ɗaya Bukur, abin da muka daɗe muna jin tsoron gwadawa. Wanda ke da gajeren fim a waya ko a kwamfuta, ko daga ina yake a Filato da maƙwabta, ya fara gyara sautinsa tun yanzu, ya sa fassara, ya kuma shirya tsayawa gaban mutane. Wanda kuma ya san zaure a tsakiyar gari mai ɗaukar kamar mutum ɗari biyu, mai tagogi kaɗan, wanda mai shi zai yi mana sauƙi, don Allah ya yi mana magana kafin watan Oktoba.